Rakiyar Mai Jego Zuwa Matamaye

A gidanmu na Daura, idan mace ta zo wankan gida ta cika arba'in, ba a barinta ta koma ɗakinta ita kaɗai. Sai an haɗa gara, an nemo mota, an zaɓi matan da za su raka ta su danƙa ta a hannun dangin miji. Wannan karon ƙanwata ce mai jegon, haihuwar fari, namiji, ɗakin nata kuma yana Matamaye, cikin jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Mijinta ɗan Gwaggo ne, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita ma daga wannan gida aka ɗauke ta aka kai ta can a 1983. Na taso daga Kano ta Kazaure na kwana gida, da hantsi muka ɗora kaya: buhun shinkafa, jarkar man gyaɗa, katan-katan na taliya, da fantekun dubulan da alkaki da nakiya. Mu uku ne 'yan rakiya, ni da Inna ƙanwar mahaifiyarmu da matar babban yayanmu. Sanyi ya sauka sosai, an naɗe jaririn cikin zani da bargo har ba a ganin komai nasa sai hula.

Wanda bai san ƙasar nan ba, idan ya ji an kai yarinya aure wata ƙasa, sai ya zaci jirgi za a hau. Daga Daura zuwa Matamaye bai kai nisan Daura zuwa Katsina ba. Ka bi titin da ya yi arewa, kafin ka gama gyara zama ka iso Kwangwalam, a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, inda Najeriya ta ƙare. Ka ɗan ƙara gaba ka tarar da Ɗan Barto, inda Nijar ke karɓar baƙi. Daga nan Matamaye ba nisa. Titin ya zarce ta Kance zuwa Takeita, ya haɗu da babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Yamai, fadar gwamnatin da ke mulkin Matamaye, tana can yamma fiye da kilomita 800. Kano kuwa mutum zai yi asuba a Matamaye ya yi azahar a Kantin Kwari.

Rabuwar mulki a wannan yanki ba Turawa suka fara kawo ta ba. A farkon ƙarni na 19, da jihadi ya iso Daura, Malam Isiyaku ya karɓi birnin, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Danginsa suka kafa sarauta a Zango da Baure, suka zauna ƙarƙashin inuwar Damagaram, wadda ta kai ganiyar ƙarfinta a zamanin Sarki Tanimu. Amma waccan rabuwar ta sarakuna ce; talaka yana noma nan ya nemi aure can, ba mai tambayarsa takarda. Da Ingila da Faransa suka zo, suka yi ta jan layi suna gogewa, a 1890, da 1898, da 1904, da 1906, saboda Faransa na neman hanya mai rijiyoyi da za ta haɗa mata kogin Kwara da Damagaram da tafkin Chadi. Daga 1906 zuwa 1908 wani hafsan Faransa mai suna Tilho da takwaransa na Ingila, O'Shee, suka bi ƙasa suna kafa alamu, guda 148. A 1906 ɗin ne kuma Turawan Ingila suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da sarautar Daura ga tsohon gida. Zango da Baure suka faɗo Najeriya, Magarya da Kance suka zama na Faransa. Wani Ba'amurke, William Miles, ya zauna a ƙauyuka biyu na nan kusa, 'Yardaje ta ƙasar Daura da Yekuwa ta ƙasar Magarya, ya fitar da littafi a 1994 kan yadda mulki iri biyu ya bar tambarinsa a jikin mutane iri ɗaya.

Ni dai inda na fi ganin layin nan ƙuru-ƙuru shi ne a rayuwar matan da aka ƙetare shi da su cikin lulluɓi. Kowa ya san zumunta a ƙafa take. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne ƙafar wa. Namiji yana ƙetarawa don kasuwa: ya kora sansa Mai'aduwa ranar Lahadi, ya sayar, ya kwana a gidansa. Mace idan ta ƙetare, da rayuwarta duka ta ƙetare. Ita ce za ta dawo goyon ciki, ta dawo biki, ta dawo gaisuwar mutuwa, ta kawo 'ya'ya su san dangin uwa. Ita ce kuma, bayan shekara arba'in, za ta kitsa auren da zai sake ɗaure gidajen biyu, kamar yadda Gwaggo ta yi da ta nema wa ɗanta 'yar wanta.

A bakin iyaka aka sauke mu muka shiga da ƙafa. Aka duba katin shaidarmu da na rigakafi. Ƙanwata ta miƙa nata na Najeriya, don ba ta da wata takarda ta Nijar, ko da ta aure ce. A zauren gidanmu aka ɗaura, waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, aka shafa fatiha aka raba goro, shi ke nan. Jami'in ya leƙa bargon ya dubi Inna.

"Hajiya, wannan baƙon fa, namu ne ko naku?"

"Ranka ya daɗe, uban naku ne, uwar tamu ce," in ji Inna.

Ya yi murmushi ya ce Allah ya raya, ya ba mu hanya. Da wasa ya yi tambayar, amma tambaya ce da za ta bi yaron nan har makaranta, har neman aiki, wataƙila har ranar da zai nemi ƙuri'ar mutane.

Gara ba ta ba mu wahala ba. Duk wanda ya ga fantekar dubulan ya san ba fatauci aka fito ba. Dawowa ce direbanmu ya ja mana kunne a kanta. A Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi, gero da dawa da masara da shinkafa da wake, sai dai zuwa Mali da Burkina Faso, a watan Mayun 2025 kuma ta hana fitar da dabbobi gab da Babbar Sallah. Dalilin da aka bayar shi ne a sauƙaƙa wa talakan cikin gida farashi, kuma dalili ne da mutum zai fahimta. Sai dai dokar da aka yi don manyan motoci ta kan faɗa kan buhun geron da surukai ke bai wa 'yan rakiya tukwici, da ragon da kaka ke aika wa jikansa na suna.

Da ka wuce Ɗan Barto, abin da zai fara ɗaukar idonka gawo ne. An girbe gero, gonaki sun yi fari fat, amma gawo na tsaye kore shar, don shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya tofo. Ƙasar Matamaye da Magarya da Mirya ta yi suna a duniya kan wannan. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke tohon da ya fito musu a gona, suna rage masa rassa suna renonsa, har masu bincike suka ƙiyasta cewa itatuwa sun sake rufe kusan hekta miliyan 1 a waɗannan gundumomi uku. Ganyen taki ne, 'ya'yan abincin awaki. Tsofaffi na cewa tun zamanin Tanimu hukunci mai tsanani ke kan wanda ya sare gawo. A ƙoramu kuwa, inda ruwa ke kusa, rake ne da rogo da albasa da kabeji, kuma lokacin raken muka zo: amalanken shanu sai wuce mu suke da dammuna.

Kyan ƙasar ba ya ɓoye matsinta. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Kance, wadda Matamaye ce hedikwatarta, mutum kusan dubu 400, kuma tana cikin wuraren da suka fi cunkoso a duk Nijar. Ƙauye na kallon ƙauye. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke raba kunyoyinta.

Mun shiga gari ana kiran azahar. Tun daga zaure muka ji guɗa. Gwaggo na tsaye bakin tsakar gida, ta tsufa fiye da yadda na bar ta, amma muryar tana nan.

"Lale, lale da mutan Daura! Kun sha hanya. Ina gajiya?"

Ba ta jira amsa ba ta kwance goyon daga bayan ƙanwata, ta buɗe fuskar yaron ta daɗe tana kallo. Sunan mahaifinmu aka sa masa, don haka ba za ta iya kiran sunan ba.

"Yaya, ka iso? Sannu da zuwa gidan ƙanwarka."

Bayan an sha ruwa da fura, Inna ta gyara mayafi ta yi abin da ya kawo mu. "Hajiya, ga amanarku mun dawo muku da ita, ita da ɗanta, lafiya lau. In ta yi daidai ku gode wa Allah, in ta kuskure ku tsawata, 'yarku ce." Gwaggo ta ce Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci. Aka baje gara a tabarma, matan unguwa suka shigo suna gani suna sa albarka, kafin la'asar yara sun fara zagaya gidaje da kwanonin dubulan.

Gidan Gwaggo babba ne, kuma ba harshe ɗaya ke cikinsa ba. Matar babban ɗanta daga Gure aka kawo ta, Babarbariya ce. Da 'ya'yanta take yin yarensu idan za ta yi musu faɗa, da kowa kuma Hausa. Mijin nata, babban ɗan Gwaggo, malamin lakwal ne, da Faransanci ya yi karatu, da shi yake koyarwa. Ƙanensa, mijin ƙanwata, allo ya yi a Zariya, ya dawo ya kama fataucin rake da gyaɗa, a wayarsa akwai layi biyu, na Nijar da na Najeriya, a aljihunsa kuɗi iri biyu. Ƙanwata ta gama sakandare da Turancin Ingila, wanda a nan ba ya karanta mata ko takardar likita. A Maris 2025 sabon kundin da gwamnatin soja ta kafa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Malamin ya yi murna da hakan, amma ya ce har yanzu takardun ofis da Faransanci suke zuwa, kuma shi ake kawo wa su ya karanta.

Sauran bambancin ƙanana ne, irin waɗanda amarya ke koya a shekarar farko. Lissafin kuɗi da dala da jaka. Ragon layya da ake bajewa a kan itace a kewaya shi da wuta a ƙofar gida, a bari sai washegari a raba, maimakon suyar kasko irin tamu. Wata shekarar ma Sallar ba ta zo rana ɗaya ba: a 2024 Nijar ta sha ruwa ranar Talata 9 ga Afrilu, Najeriya sai Laraba. Ƙanwata ta ce ranar ta kira gida ta yi barka da Sallah, aka amsa mata da bakin azumi.

Da dare, bayan an ci tuwon gero da miyar kuka, na zauna ɗakin Gwaggo ina taya ta jijjiga yaron. A nan ta ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinta ba.

"An kawo ni da kaka, 'yar nan. Damina ta gaba ruwa ya ƙi."

Farin 1984 take nufi. A Afrilun wannan shekara gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai a Maris 1986, bayan Babangida ya hau. Hatsin da ya saba hawowa daga kudu ya tsaya daidai lokacin da rumbuna suka ƙare, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar sunan Buhari. Shi kuwa ɗan Daura ne, ya sha faɗa da bakinsa cewa yana da 'yan uwa na jini a Nijar, kuma da aka binne shi a Daura a Yulin 2025, firaministan Nijar Ali Lamine Zeine na cikin waɗanda suka zo. Gwaggo tana da cikin fari a waccan shekara. Ta ce mahaifinmu ne, yana saurayi, yake ɗaura garin rogo da masara a bayan keke, ya bi ta cikin gonaki da dare ya kawo mata, ya juya kafin gari ya waye. Ba ita kaɗai ta ci ba; uwar mijinta da facalolinta duk da wannan gari suka ga bayan shekarar. A ƙasar da damina ke yin rowa, gidan surukai na kudu rumbu ne na biyu, kuma iyayenmu sun san haka lokacin da suke ba da 'ya'yansu.

An sake rufe iyakar daga Agustan 2019, aka fara sassautawa a Disambar 2020. Sannan aka zo ta 2023. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum, ƙungiyar ECOWAS, wadda a can ake kira CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar, har da layin da ke tashi daga Katsina zuwa Gazawa. Cikin sanyin ƙarshen wannan shekara mahaifinmu ya rasu. An kira Gwaggo da asuba. Mota ba ta wucewa, sai ta hau kabu-kabu, mace mai kusan shekara sittin, aka bi da ita ta cikin yashi da karan gero, ana kewaye-kewaye. Tafiyar da ba ta wuce ta hantsi ba sai ta cinye wuni. Ta iso an dawo daga maƙabarta.

"Ban ga fuskar Yaya ba," in ji ta. Ta gyara wa yaron hula. "Sai wannan."

An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, aka buɗe iyakar a Maris. Jaridu sun yi ta lissafin motocin da suka maƙale da albasar da ta ruɓe. Ban ga inda aka lissafa matan da suka haihu ba uwa a kusa, ko waɗanda iyayensu suka cika ba su yi sallama ba, kuma ina ganin wanda zai sa hannu a rufe irin wannan iyaka ya kamata a fara karanta masa wannan lissafin. Tun 1979 yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan ƙasa ɗaya damar shiga ɗaya ya yi kwana 90 ba biza. Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar. An ce zirga-zirga za ta ci gaba yadda take har sai an sake shawara, kuma mun wuce lafiya. Amma abin da a da haƙƙi ne rubutacce, yanzu ya rataya a kan yadda manya suka tashi da safe.

Washegari malamin ya zauna da ni a zaure kan maganar takardar yaron, don shi ne mai bin irin waɗannan abubuwa a gidan. A doka yaron ba shi da matsala. Sashe na 25 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba shi zama ɗan ƙasa ta wajen uwarsa. Dokar Nijar ta ba shi ta wajen ubansa; tun 1999 ma uwa 'yar Nijar na iya ba ɗanta, kuma gyaran da aka yi a 2014 ya halatta riƙe ƙasa biyu. Ke nan amsar tambayar jami'in nan ita ce na kowa ne. Wahalar a aikace take. An haife shi a asibiti a Daura, yana da takardar haihuwa ta hukumar ƙidayar Najeriya. Idan ya isa shiga lakwal a Matamaye, takardar Nijar za a nema, kuma wanda ya bari wa'adin bayyana haihuwa ya wuce sai ya bi ta kotu. Malamin ya ce iyaye da yawa sukan zaɓi hanya mai sauƙi, su ce a ƙauye aka haifi yaro. Sai mutum ya tashi da wurin haihuwa biyu, wani lokaci da shekarar haihuwa biyu, ba wanda ya damu har ranar da wani zai so ya kayar da shi. A Najeriya kuma, takardar asalin ƙaramar hukuma, wadda ake nema wajen gurbin karatu da aikin gwamnati, a al'ada garin uba take bi. Ba mu manta da Shugaba Abdurrahman Darman ba, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Borno, wanda aka ɗauka a Janairun 1980 aka kai shi Chadi bisa zargin ubansa ba ɗan Najeriya ba ne, sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa. Idan an yi wa mai muƙami haka, ɗan mai rake ya kamata a tsare masa takardunsa tun yana cikin zani.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda na fi sani a Kano. Mazan Matamaye da Kance da Magarya sun cika unguwanninmu: masu shayi, masu gadi, 'yan ga-ruwa, malaman allo, 'yan kasuwa. Da yawansu sun auri 'yan gari sun hayayyafa. Sashe na 26 na tsarin mulkinmu ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, amma bai ba mijin 'yar Najeriya ba. Shi sai ya bi doguwar hanya mai sharaɗin zaman shekara 15. A Maris 2022 majalisar tarayya ta kaɗa ƙuri'a kan gyara wannan, gyaran bai shiga ba. Nijar, wadda muke yi wa kallon ƙanwa, ta riga mu daidaita wannan tun 2014.

Da mijin ƙanwata ya shigo da butar shayi, hira ta koma kan kuɗi. A 2014 jakar sefa ɗaya ba ta kai naira 400 ba. A 2024 ta haura naira 2,000. Ya ce a da saurayin da ya je ci-rani Kano ya dawo da naira shi ake rububi, yanzu kuwa abin da ya tara a rani ɗaya, idan ya canza a Ɗan Barto, da ƙyar ya sayi buhu biyu. Shi da ya haɗa lefe da sefa a Kantin Kwari ya samu sauƙi. Ɗan Daura da za a yanka wa sadaki da jaka kuwa sai ya yi gumi. Ko a gidanmu abin ya juya: ɗan abin da yayanmu ke aika wa Gwaggo da azumi ya ƙanƙance a hanya, har ta ce ya bari, yanzu ita ce ke aiko wa mahaifiyarmu.

Cikin matan da suka zo ganin jariri akwai wata maƙwabciya, ba ta wuce sa'ata ba, da ta zauna gefe ba ta cika magana ba. Bayan ta fita Gwaggo ta ce min ta je Aljeriya da 'ya'yanta biyu, har Tamanrasset, aka kwaso su a mota aka dawo da su. Sunan Kance ya shiga kunnen duniya ne a Oktoban 2013, da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, dab da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su: yara 52, mata 33, maza 7, mafi yawansu daga wannan gunduma. Daga Disambar 2014 aka fara jigilar mayar da 'yan Nijar daga Aljeriya, amma tafiyar ba ta tsaya ba. Gwaggo ta ce uwar wannan mata, a zamaninta, Kano take zuwa aikatau da rani, ta sauka gidan 'yar uwarta da ke aure a can, ta dawo kafin shuka da 'yan kuɗinta da atamfa. Da tashin hankali ya yi yawa a Najeriya, naira kuma ta karye, sai ƙafa ta juya arewa, inda ba gwaggo ba inna, ba gidan da za ka yi sallama a ce shigo. Na daɗe ina juya wannan magana. Ana yawan kiran zirga-zirgar bakin iyakarmu da sunan matsala. Matan Kance sun ga abin da ke faruwa idan hanyar dangi ta daina ciyarwa.

Kafin mu taso aka sanar da mu wata magana. Babbar 'yar malamin, wadda ke ajin ƙarshe na kwaleji, wani ɗan uwan matar yayanmu da ke Mai'aduwa ya aiko neman izinin zance. Ke nan mota za ta sake ɗaukar amarya, wannan karon daga arewa zuwa kudu. Hankalina bai kwanta ba da farko, don alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar kafin shekara 18 ake aurar da su, kuma yarinyar da aka kai wata ƙasa da ƙuruciya, ba karatu ba takarda, idan zama ya ƙi, ko yaji ba ta san hanyar yi ba. Uban ya riga ni. Ya ce ba maganar sa rana sai ta zauna jarrabawar BEPC ta kuma cika shekarunta, kuma za a rubuta auren a ofishin magajin gari, ta tafi da takardar haihuwarta da ta zama 'yar ƙasa a cikin akwatinta. Gwaggo ta ce ita da tabarma da ƙwarya aka kawo ta, amma ta yarda da maganar ɗanta.

Tukwicinmu bai zama gero ba. Dammunan rake aka ɗaura mana a saman mota, da ƙullin yaji da turaren wuta na matar malam. Ƙanwata ta rako mu har zaure tana share ido da gefen mayafi, Inna na ce mata ta yi haƙuri, Sallah na nan tafe. Malamin ya turo min hoton katin ƙanensa da na takardar yaron a WhatsApp, muka rabu a kan cewa idan na koma Kano zan je ƙaramin ofishin jakadancin Nijar in tambayo yadda ake shigar da haihuwar da aka yi a Daura cikin rajistar Nijar, shi kuma zai kai ƙanensa da ƙanwata su rubuta aurensu kafin damina ta faɗi.